Rediyon motata ya ƙi wuce mita 90, wa ya san maganinsa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Sati uku ke nan da na sayi wata 'yar ƙaramar Toyota, irin waɗanda aka juya wa sitiyari. Inji lafiya, giya lafiya, rediyo ne kawai ya hana ni sakat. In na murɗa yana tashi daga 76, da ya kai 90.0 sai ya sake komawa 76, kamar an gitta masa itace a hanya. Duk faɗin Kano tasha biyu nake kamawa, Dala a 88.5 da Rediyon Kano a 89.3. Freedom babu, Arewa babu, Rahma babu. Ni kuwa in ban ji shirin Inda Ranka na Freedom ba ji nake kamar ban ci tuwon dare ba. Rubutun jikin maɓallan duk irin na 'yan Caina ne, abin da na iya karantawa kawai Carrozzeria. Wani mai gyara a unguwarmu ya ce wani abu ne ya ƙone a ciki, in kawo kuɗi ya canza. Na ce bari in tambayi manya tukuna.

Baban Ummi: Na manta. Duk sanda na murɗa makulli sai wata mata ta yi magana da wani yare daga ƙasan sitiyari. Uwargida ta ce ita fa ba ta yarda da motar nan ba.

Ɗan Kurmi: Hahaha. Malam ka sayi mota da kishiya a ciki. A nemo mai ruƙiyya.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Baban Ummi. Kada ka ba kowa ko sisi, babu abin da ya ƙone. Wannan rubutun ba na Caina ba ne, na Japan ne, kuma Carrozzeria sunan da kamfanin Pioneer ke sa wa kayan da yake sayarwa a cikin Japan ne. Su can zangon FM ɗinsu na da daga 76 zuwa 90 yake, mu kuma namu daga 87.5 zuwa 108. Ka ga inda kuka haɗu da su ɗan tsakanin nan ne kawai, 87.5 zuwa 90, shi ya sa Dala da Rediyon Kano suka shigo, sauran suka tsaya a waje. Rediyonka aikinsa yake yi daidai, ƙasar da aka yi shi dominta ce ba ya ciki.

Matar kuma ba aljana ba ce. Wata 'yar na'ura ce ta biyan kuɗin hanya a manyan titunansu, ana zura mata kati. Cewa take ba a sa katin ba. Waya ɗaya za a zare ta yi shiru har abada.

Malamin Kimiyya: Oga Rewaya ya faɗi gaskiya. In ƙara da dalili: sun tsaya a 90 ne saboda daga 90 zuwa 108 tashoshin talabijin ɗinsu na da ne ke zaune a wurin. Da suka rufe tsohon tsarin talabijin a 2011 wurin ya zama fili, daga baya suka ƙara wa FM zuwa 95. Shi ya sa za ka ga wata motar Japan ta baya-bayan nan tana kama Arewa a 93.1 amma ba ta kai Freedom a 99.5. Na Baban Ummi tsohon yayi ne.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri. To ashe da na yi asarar kuɗina a banza. Yanzu mene ne mafita, Oga?

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Hanya biyu ce. Ko ka cire shi ka sa wani, ko a sa masa esfanda. Esfanda wani ɗan akwati ne kamar na ashana, ana sa shi tsakanin wayar eriya da rediyo, a ba shi wuta. Aikinsa ya sauko da tashoshin sama zuwa inda rediyonka zai iya kaiwa. Kuɗinsa da na aiki ba su kai na rabin tankin mai ba.

Amma a nan mutane ke yin kuskure, don iri-iri ne, akwai mai rage 10, akwai 14, akwai 18 da sauransu, lambar tana rubuce a jikinsa. A Kano ni 14 nake sa wa mutane. Lissafa da kanka: Freedom 99.5 a cire 14, za ka same ta a 85.5. Rahma 97.3 ta koma 83.3. Arewa 93.1 ta koma 79.1. Express 90.3 ta koma 76.3, da kyar ta shiga. In ka sa mai 10, Freedom za ta faɗo 89.5, ƙofa da ƙofa da Rediyon Kano, sai ka ji muryoyi biyu suna kokawa. In ka sa mai 18 kuma Arewa ta faɗi ƙasa da 76, ka rasa ta ke nan.

Ɗan Kurmi: Wai duk wannan lissafin saboda rediyo? Malam cire wannan tsohon kayan ka sa allon Android, ka huta. Ga Bluetooth, ga taswira, ga kyamarar baya, ga YouTube. Muna 2020 da wani abu kuna maganar akwatin ashana.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Ɗan Kurmi, ni nake ɗaura allunan nan kullum, da su nake cin abinci, amma zan faɗa maka gaskiya. Wajen kama tasha da daɗin sauti, masu arhar cikinsu ba su kama ƙafar wannan Carrozzeria ɗin ba. Ka ajiye mota a rana a watan Afrilu ka dawo, allon ya yi zafi kamar kaskon suya, ka taɓa nan ya amsa can. Wasu a kwali an rubuta ƙwaƙwalwarsu babba ce, in ka kunna ka ga tafiyar hawainiya. Mai kyau akwai, amma ba kuɗin da kake tunani ba ne.

Ɗan Kurmi: Nawa shekara biyu ke nan bai taɓa yi min komai ba.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Allah ya ƙara masa lafiya. Motarka a rumfa take kwana a rumfa take wuni, ba kowa ke da wannan gatan ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Wagga magana ta taɓo ni. Tawa motar ta Amurka ce, ta Kwatano ta shigo. Ita tana zuwa har 107.9 lafiya lau, amma tsalle take yi: 99.7, 99.9, 100.1. In na je Yamai ina son Anfani da ke kan 100.0 cif, ba ta tsayawa a kai. Sai in zauna a 99.9 ina ji da shiii a ciki. Shi ma akwai akwatin da ake sa mishi?

Malamin Kimiyya: Ɗan'uwa na Maraɗi, taka cutar daban ce. A Amurka duk tashoshin FM a kan lambar mara suke ƙarewa, wato .1, .3, .5, .7, .9, don haka rediyonsu tsallake ɗaya yake yi. Mu a Kano ba mu cika lura ba saboda ka duba waɗanda aka lissafo a sama, 88.5, 89.3, 93.1, 97.3, 99.5, har Pyramid 103.5 da Wazobia 95.1, duk mara ne. Sa'a ce kawai. Wanda ke inda ake da tasha mai ƙarewa da 0 ko 2 ko 4 shi ke ji a jikinsa.

Haka abin yake a matsakaicin zango. Amurka goma-goma suke tsalle, mu da Turai da Japan tara-tara. Rediyon Kano a 729 yake, motar Amurka za ta ba ka 730, wannan ba laifi za ka ji. Amma Rediyon Kaduna da muka sani a 594, motar za ta ba ka 590 ko 600, ka ga ta faɗa tsakiya. Abin dariyar shi ne rediyon Baban Ummi da ya gaza a FM, a nan ya fi naka daidai.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Esfanda ba zai yi maka komai ba Ɗan Maraɗi. In rediyon na sayen kasuwa ne, irin su Pioneer ko Kenwood, da yawansu akwai wurin canza tsallen a cikin saitin farko. Allon Android ma akwai inda ake zaɓar yanki, ka sa Turai. In kuwa wanda ya zo da motar ne daga kamfani, yawanci haƙuri ne ko canji.

Ɗan Maraɗi: Na kamfani ne. To na gode, mun ɗauki haƙuri. Wani maɓalli kuma da aka rubuta SAT, tun da na sayi motar ban ga amfaninshi ba.

Malamin Kimiyya: Ba za ka gani ba kuwa. Rediyon tauraron ɗan'adam ne na Amurka da Kanada, SiriusXM, biya ake yi duk wata, kuma tauraronsu ba ya haska nan ɓangaren. Ado ne kawai a wajenmu.

Alhaji Tsohon Direba: Yara kuna ta lissafi. Mu da muka ja fijo 504 ta Kaduna daga Kano zuwa Jos, rediyo ɗan ƙarami mai rigar fata muke ratayewa a madubi, saboda gajeren zango. In lokacin BBC ya yi mota tsit take yi, har mai kuka a goye sai an rarrashe shi. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ya girmi yawancinku har da iyayen wasu. Yanzu motocin nan duk allo da fitilu, amma ka nemi gajeren zango a ciki babu. FM ɗin da kuke taƙama da shi, ni dai in na fito daga Kano, kafin in bar Kwanar Ɗangora ya fara shashsheƙa. Matsakaicin zango kuwa da daddare har cikin daji yana bin ka.

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne Baba. FM kusan a miƙe yake tafiya, in tudu ko nisan ƙasa ya shiga tsakaninka da turken tashar, shi ke nan. Matsakaicin zango kuma da dare yana dukan wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa, shi ya sa ake jin tashoshin wasu ƙasashe bayan isha'i waɗanda da rana babu su.

Ɗan Kurmi: Baba da girmanka, duk wannan ya wuce. Yawancin tashoshin nan suna intanet. Ina Abuja ina jin Kano a waya, in haɗa da Bluetooth, sauti garau.

Alhaji Tsohon Direba: Ɗana, da kuɗin wa? Rediyo iska ce, kyauta. Kai kuma kowane minti ana zaftare maka data. Sannan ka bi hanyar da babu sabis ka gaya min abin da wayar ta ce maka.

Direban Zariya: Baba ya gama magana. Ni kullum ina kan hanyar Kano zuwa Zariya, sawu biyu wani lokacin uku. Na gwada na wayar ranar wata ƙwallo, motar da ke gefena a go-sulo sun yi ihun an ci, ni nawa mai sharhin bai ma kai ga bugun kwana ba. Tun ranar na koma eriya.

Amma tunda Oga Rewaya na kusa, ni ma ga tawa. Duk safiya sai na sake jera tashoshi a lamba 1 zuwa 6. Da na kashe mota sun goge. Agogo ma ya koma 12:00.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Wanda ya ɗaura maka ne ya juya waya. Rediyo wayar wuta biyu gare shi. Mai launin ruwan ɗorawa ita ce ke zuwa batir kai tsaye, ba ta mutuwa, ita ke riƙe tashoshi da agogo. Ja kuma ta makulli ce, sai ka murɗa take kawowa. An sa maka ruwan ɗorawar a layin makulli, shi ya sa yake mantuwa. Aikin minti goma ne. Amma ka tsaya a kansa, kada ya ce bari ya haɗe su biyun ya kai batir don ya huta. In ya yi haka rediyon ba zai riƙa mutuwa da makulli ba, wata safiya ka tashi batir ya kwanta.

Akwai ta uku da ake mantawa, shuɗiya. Motocin da eriyarsu ke jikin gilashin baya, siraran layukan nan, suna da ɗan abin ƙara ƙarfi da ke jiran wuta daga shuɗiyar. In ba a haɗa ta ba sai ka ga sabon rediyo dal amma tasha biyu yake kamawa, mutum ya yi ta zagin rediyon.

Direban Zariya: Wallahi haka aka yi wa ƙanena. Har ya mayar wa mai shagon.

Maman Hanif: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba gyara na zo tambaya ba, ƙorafi na kawo, tunda ga direbobin haya a nan. Don Allah Malam Direba, me ya sa in mutum ya shiga motarku sai kun ƙure sauti? Lasifikar tana bayan kujerar ƙarshe, daidai kan fasinja, ku kuna gaba ba ku san abin da muke sha ba. Ranar nan daga Kaduna na sauka kaina kamar zai tsage, yarona bai runtsa ba. Na yi magana direban ya ce barci yake korewa.

Direban Zariya: Hajiya a yi haƙuri, amma ba ƙarya ya yi ba. Bayan azahar in mota ta yi shiru kowa ya yi barci, kai kaɗai ka rage da titi, ido yana lumshewa. Kuma fasinja ba a iya musu. Ka sa wa'azi wani ya ce ba malaminsa ba ne, ka sa waƙa dattijo ya ce a ji tsoron Allah, ka sa shirin siyasa mota ta rabu biyu har a kusa dambe. Ni yanzu labarai nake sawa, in sun ƙare in sa karatu ƙasa-ƙasa.

Maman Hanif: Ban ce a kashe ba Malam. A rage na bayan.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Hajiya tana da gaskiya, kuma maganin yana jikin rediyon, ba a sani ba ne. A cikin saitin sauti akwai wanda aka rubuta FAD, shi ke raba sauti tsakanin gaba da baya. BAL kuma hagu da dama. Direba ya tura FAD ɗin gaba, shi ya ji da ƙarfi, na baya su samu sauƙi. Shekara nawa ina wannan aikin, da wuya ka ga motar haya da aka taɓa wannan wurin. Abin da suka sani BASS, a ƙure shi har ƙofa tana kakkarwa, bayan wata biyu a zo min lasifika ta yage.

Maman Hanif: To ka ga. Sai kuma masu sa fim a allon gaba suna tuƙi. Wannan kam ba ciwon kai ba ne, rai ne. Na taɓa sauka a mota tun kafin a bar tasha saboda haka, na bar musu kuɗin.

Ɗan Kurmi: Fasinja ake sa wa Hajiya.

Maman Hanif: Fasinjan da ke baya, allon yana gaban direba? Kai dai Ɗan Kurmi.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: A nan laifinmu ne mu masu ɗaurawa, ba zan ɓoye ba. Allunan nan suna zuwa da wata waya da ake haɗawa da birkin hannu, don hoto ya ƙi fitowa sai mota na tsaye. Mu ne muke ɗaure ta a jikin bodi saboda mai mota ya ce shi fa yana son kallo. Na daina yi wa motocin haya, wasu sun yi fushi sun koma wani wurin.

Shugaban Zaure: Jama'a muna jin daɗin bayanan, amma a tuna tambayar Baban Ummi ce a ƙasa. Masu tallan allo da suka fara turo hotuna na goge, ranar Asabar ce ranar talla.

Na Hotoro: Shugaba a yi min afuwa in saƙa tawa, gajeriya ce. Honda Accord ce wadda ake ce wa EOD, na canza batir jiya, yanzu rediyon CODE kawai yake rubutawa.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Kariyar ɓarayi ce, duk sanda wuta ta yanke sai ya nemi lambarsa, guda biyar ce. Duba cikin akwatin gaban fasinja, sau da yawa akwai 'yar farar takarda manne a gefe, ko wani kati a cikin littafin motar. In babu, ka danne 1 da 6 tare ka kunna rediyon, zai nuna lambar jikinsa, da ita ake nemo ta buɗewar. Kada ka yi ta cankar lamba. Sau goma yake ba ka, in ka cinye sai ka bar shi a kunne awa guda kafin ya sake sauraronka.

Na Hotoro: Na riga na ci bakwai.

Ɗan Kurmi: Saura uku, ka gwada shekarar haihuwar mai motar na farko.

Na Hotoro: Na samu takardar! Tana manne a gefen akwatin kamar yadda ka ce. Allah ya ƙara buɗi Oga.

Malamin Kimiyya: Kafin a rufe, Baban Ummi, in an sa esfandar ka ji ƙara, kada ka yi saurin ɗora mata laifi. Fara zare cajar waya daga wurin kunna sigari. Ƙananan cajojin nan masu arha suna watsa hayaniya a zangon FM sosai. In kuma wani siririn kuka ne da ke tashi in ka taka totur ya sauka in ka saki, daga altaneta yake, a duba baƙar wayar da aka ɗaure a bodi ko ba ta kama ƙarfe da kyau ba.

Baban Ummi: Jama'a na dawo da rahoto. Jiya na sa mai 14. Freedom ta fito a 85.5 garau, Rahma a 83.3, Arewa a 79.1, kamar yadda Oga ya lissafa. Na rubuta su a takarda na manna a dashbod don kaina ya fara juyewa, allo na cewa 85.5 mai gabatarwa na cewa 99.5. Pyramid ce kawai ta faɗo 89.5, wani lokacin tana cakuɗewa da Rediyon Kano, wannan na yafe. Matar kuma na ce a bar ta, yara sun saba, in ta yi magana sai su amsa mata da sannu Anti. Uwargida ce dai har yanzu ba ta sakin fuska.

Saura abu ɗaya Oga. Agogon allon ƙarfe 7 na safe yana nuna min 3 na rana, na bi duk maɓallan ban ga inda ake gyarawa ba. Taswirar kuma wani fili kawai take nunawa babu titi ko ɗaya.

Rewaya Na Ƙofar Ruwa: Lokacin Japan ne, awa 8 suke gabanmu, kuma daga tauraro yake ɗaukowa, shi ya sa ko an cire batir yake komawa. Irin naka da yawa ba sa gyaruwa. Taswirar ma ta garuruwansu ce kaɗai a ciki. Ka ƙara layi ɗaya a takardar dashbod ɗin: agogo, a cire 8.

Direban Zariya: Oga gobe da safe ina nan tafe da maganar ruwan ɗorawar nan, kafin in yi lodi.